Mun bar Niyok a tsakiyar shekara, wace jiha za mu biya haraji?

Baban Yusuf: Assalamu alaikum jama'a. Na samu aiki a Kolumbus, jihar Ohayo a nan Amurka, na bar unguwar Bronx ta birnin Niyok (New York) a watan Yuni. Maiɗakina ta tsaya tana aikinta na asibiti, sai Satumba ta taho da yara. Harajin tarayya tare muke cikewa kullum. Na jihohi ne ya ɗaure min kai. Ɗaya za mu cike ko biyu?

Maman Khadija: Wa alaikumus salam. Biyu ne, Baban Yusuf. A Niyok fom ɗinku IT-203 ne, na waɗanda ba su cika shekara a jihar ba. A Ohayo IT 1040, ku nuna cewa ba ku cika shekara a jihar ba, a cire muku harajin abin da kuka samu kafin zuwanku. Ranar shigowarka daban, ta uwargida daban.

Alhaji Garba: Tukuna. Ka ce Satumba ta taho, ko?

Baban Yusuf: E, Alhaji, ranar 10.

Alhaji Garba: To ka yi sa'a. Da ta kai ƙarshen Disamba a can, da ta zama cikakkiyar mazauniyar Niyok, kai kuma mazaunin rabin shekara. A irin wannan hali jihar takan ce kowa ya cike nasa daban, ko da kun haɗa na tarayya, sai dai in kun yarda a ɗauke ku duka kamar kun shekara a can, a caji kuɗinku gaba ɗaya. Ohayo kuwa yadda kuka cike na tarayya haka take so. Yanzu tunda dukanku kun bar jihar cikin shekarar, ku haɗa.

Maman Khadija: Ka duba W-2 ɗinka na tsohon aiki, wato takardar albashi da harajin shekara da kamfani ke bayarwa, da nata, akwati na 16. Niyok takan sa kamfani ya rubuta albashin shekara duka a wurin, ko da wani ɓangare a wata jiha aka yi shi. Ni haka na kwafa a manhaja ba tare da na raba ba, na ga bashin da ya hana ni barci. Sai da na zaro takardun albashi ɗaya bayan ɗaya na ware na kafin tashi da na bayansa.

Ɗan Zango: Kada a manta birnin Niyok yana da nasa haraji kan mazauna. Akwai IT-360.1, shi ne ke nuna watanni nawa kuka yi a birnin. In ba ku cike ba, za a iya lissafa muku shekara cur. Kuma kada ka yi murnar tsira, yaya, Kolumbus ma tana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari.

Baban Yusuf: Innalillahi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hajiya Rabi: Uwargida ta ajiye aikin can ne, ko tana yi daga gida? Ina tambaya ne don mijina ya ci gaba da yi wa kamfaninsa na Manhattan, a birnin Niyok, aiki ta intanet bayan mun tashi, Niyok ta ce tunda don jin daɗinsa yake yi daga nesa, kuɗin nata ne ta caja.

Baban Yusuf: Ta ajiye, Hajiya. Jinya ba ta yiwuwa ta waya.

Alhaji Garba: Madalla. Shawarata, bana kaɗai ka biya akawu mai lasisi wanda ya saba da fom ɗin Niyok. Ba mai shagon da ke cike haraji da aika kuɗi gida a teburi ɗaya ba.

Ɗan Zango: Alhaji, ni da manhajar cike haraji ta FreeTaxUSA na yi nawa, jihohi biyu, bai gagara ba. Akwai kuma VITA, shirin 'yan sa-kai masu taya cike haraji, kyauta ne ga masu ƙaramin samu, amma ka kira ka tambaya ko suna yin na jiha biyu kafin ka ɓata ranarka.

Maman Khadija: Ko wanne ka zaɓa, ka adana yarjejeniyar hayar sabon gida, takardar shigar yara makaranta, da ranar da ka canza lasisin tuƙi. In Niyok ta yi tambaya, su za ka nuna. Kuma 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa fom ɗin haraji, ba nisa.

Baban Yusuf: Lasisin ma ban canza ba har yanzu. Gobe da safe in sha Allahu.