Wace kalma za mu ba gaisuwar da ake wa waɗanda Turawa suka tarar a ƙasarsu?

Mai shiri, Ringim: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da hantsi zan naɗi shirin rediyo kan wata al'ada ta Ostireliya da Kanada, inda mai jawabi yake fara ambaton ƙabilar da Turawa suka tarar a wurin, ya amsa a gaban jama'a cewa a ƙasarsu ake zaune. A Ostireliya suna ce mata Acknowledgement of Country. Me zan kira ta?

Malamin Hausa, Gumel: Ka ce neman iso, kowa zai gane.

Hajiya, Birnin Kudu: Allah ya gafarta Malam, iso kafin a shiga ake nemansa, Turawa kuwa tun 1788 suka shiga Ostireliya ba sallama. Ni dai ban-girma na fi so.

Baba, Kazaure: Duk kun yi nisa. Na daɗe da ƙirƙiro tunasali, wato tuna asali, kuma da tsarin Hausa na gina ta. Idan ba mu ƙera namu ba, kullum a bayan masu fassarar birni za mu tsaya.

Malamin Hausa: Baba, da girmanka, manomin da ke sauraro a gona zai ɗauka sunan magani ne. Sannan asali a kunnen mutanenmu takardar ƙaramar hukuma yake tunawa.

Baba: To, sai wanda ya yi jami'a ne ke da ikon haifar kalma?

Wani ɗalibi, Gwaram: Ku kira ta fatar baki ku huta. Firaministan Ostireliya na lokacin, Kevin Rudd, ya ba 'yan asalin ƙasar haƙuri a majalisa ran 13 ga Fabrairu 2008 kan 'ya'yansu da aka raba da iyaye, amma a 2023 masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa musu majalisar ba da shawara a tsarin mulki.

Hajiya: Ɗana, cire takalmi a ƙofar zaure ba ya biyan bashi, amma wanda ya shigo da nasa har kan tabarma ya riga ya faɗa maka matsayinka. Mutanen Anangu, wata ƙabila ta 'yan asalin Ostireliya, sun yi shekaru suna roƙon a daina hawa dutsen Uluru mai tsarki a wurinsu, sai a Oktoban 2019 aka rufe hanyar, kuma a wurinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nan gida ma, taro nawa ake buɗewa a gaida hakimi da dagaci, a tsallake Warjawa da Maguzawan da ke zaune a gefe?

Malamin Hausa: To, gaisuwar masu ƙasa. Na guji magabata don kada a zaci matattu ake nufi, alhali mutanen suna nan da ransu.

Baba: Ƙasa ta Allah ce, bayansa kuma sarki za a ɗauka kuna nufi. Amma tun da kun haɗa baki, ku je da ita.

Mai shiri: Na gode. Zan ce gaisuwar masu ƙasa na farko, in bi ta da bayani. Baba, zan ambaci tunasali idan lokaci ya rage.

Baba: Ba zai rage ba, na san ku.