Tifa ta kashe Yayana a hanyar Kalgo: mu karɓi sulhu ko mu tafi kotu?

Ɗan Kalgo:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda irin wannan ta taɓa faɗa wa. Yayana ne tifar yashi ta bi ta kansa yana kan babur, tsakanin Jega da Kalgo, ya taso daga cinikin albasa a Aliero. Nan take rai ya yi halinsa. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa da ke cikin takaba yanzu, da yara biyar, babbansu namiji ne ɗan shekara 12. Direban da bakinsa ya faɗa a gaban mutanen da suka taru cewa ya daɗe yana yi wa maigidansa ƙorafin birki, ana ce masa ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Ranar sadakar bakwai mai motar ya turo dattawa har da liman, suka zo da maganar naira miliyan 2 da buhunan abinci, bisa sharaɗin mu sa hannu mun janye magana a wurin 'yan sanda a sakar masa motarsa. Baffanmu ya ce ko kwabo kada a taɓa, a yafe kawai, gidanmu ba a cin kuɗin jini. Ni kuma marayun nake kallo. Mu karɓa, mu yafe, ko mu kai ƙara? In ƙara ce, kotun Shari'a ko Babbar Kotu?

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ɗan'uwa ku yi haƙuri ku bar wa Allah. Kwana ne ya ƙare, kuɗi ba ya dawo da rai.

Sani Mai Kanti:
Allah ya gafarta mishi. Shi ya sa kullum nake cewa masu babur su riƙa sa hular kwano. Ƙanen matata da ba don hular ba, da yanzu wani labarin ake.

Ɗan Kalgo:
Malam Sani, tayar tifa ce ta hau ƙirjinsa. Ba maganar hula ba ce.

Abu Khalifa:
Ƙanena, ni na bi hanyar nan, bari in gaya maka yadda ta kaya da ni. Matata ta rasu a wani asibitin gwamnati bayan an yi mata tiyatar haihuwa. Tun magariba jini ke zuba, ina zirga-zirga tsakanin ɗakin masu jego da teburin ma'aikatan jinya, ana ce mini likita na zuwa. Zanen da muka shimfiɗa mata sai da ya jiƙe sharkaf, ƙanwarta ta cire mayafinta ta ƙara. Likita bai iso ba sai bayan sallar asuba, ya tarar an riga an rufe mata fuska. Jaririn shi ne Khalifa, yana firamare yanzu.

Da safe muka yi mata sutura kamar yadda addini ya ce, ba wanda ya yi tunanin takarda. Bayan arba'in na ce zan kai ƙara, dangi suka yi mini ca. Aka ce asibitin ya kafa kwamitin bincike, in jira. Na jira. Aka ce shugaban kwamitin ya tafi kwas, na jira. Sai da aka doshi wata bakwai na samu lauya, na sayar da filina na biya shi naira dubu 400. Da muka nemi fayil ɗinta aka ce ya ɓace. A kotu ko sunan likitan ba a kai ga ambata ba. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar ma'aikaci kan abin da ya shafi aikinsa ya shigar cikin wata uku. Alƙali ya kori ƙarar a kan wannan kaɗai. Wato jiran da suka sa ni yi shi ne makaminsu. Na rubuta wa majalisar da ke kula da likitoci, MDCN, daga baya na gane ita ladabtar da likita take yi, ba ta biyan diyya. Na rasa mata, na rasa fili, kuma har gobe wasu dangina suna cewa na so in ci kuɗin gawa. Ka karɓi miliyan biyunka tun kafin su canza shawara.

Hajiya Yauri:
Wayyo Allah. Abu Khalifa wallahi ka sa ni hawaye. Irin haka aka yi wa 'yar maƙwabciyata, ita ledar jini aka ce babu, alhali 'yan'uwa uku sun bayar da nasu tun da rana.

Bello Zuru:
Dubu 400 fa ka ce? An cuce ka. Ni lauyan da ya yi mini shari'ar fili dubu 80 ya karɓa har aka gama.

Abu Khalifa:
Shari'ar fili a ƙaramar kotu kake haɗawa da ƙarar gwamnati a Babbar Kotu? Kuma wace shekara?

Uwar Marayu:
Ni ko sisi ban ba lauya ba da farko. Mun yi yarjejeniya in an biya ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Mijina direban bas ne, tirela ta haɗe su da shi. Ba a kai ga hukunci ba, kamfanin ya nemi sulhu, aka rubuta a gaban alƙali. Abin da ya rage bayan kason lauya shi na sayi injin markaɗe da firiza, da su nake riƙe yaran.

Lauyan Gwandu:
Allah ya jiƙan marigayi. Abu Khalifa, abin da ya same ka gaskiya ne, dokar wata ukun nan ta kashe ƙararraki masu yawa. Amma ba ta shafi Ɗan Kalgo ba, domin tifar ɗan kasuwa ce ba ta gwamnati ba. Shi dokar da ta shafe shi ita ce wadda ta ba iyalan wanda sakacin wani ya kashe damar neman diyya, kuma wa'adinta shekara uku ne daga ranar rasuwa. Yana da lokaci, sai dai shaida ba ta jira.

Ɗan Kalgo, kada ka sa hannu a komai tukuna. Motar nan da ke tsare ita ce ƙarfinku. Ka tabbata jami'an duba lafiyar motoci, VIO, sun duba birkin sun rubuta rahoto kafin a sake ta, don ranar da ta fita makaniki zai gyara, magana ta mutu. Ka nemi rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗarin, da takardar shaidar rasuwa, da sunayen mutum biyu ko uku da suka ji abin da direban ya faɗa. A Babbar Kotu ana haɗa direba da maigidansa a ƙara ɗaya, saboda yana bakin aikinsa abin ya faru. Alƙali zai duba shekarun marigayi, da abin da yake samu, da waɗanda yake ciyarwa, don haka ko littafin da yake rubuta cinikin albasa kada a yar. Ka kuma binciki inshorar motar. Iyakar biyan inshora da ake faɗa ta miliyoyi kaɗan ta ɓarnar dukiya ce, ba ta rai ba. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, Legal Aid, tana da ofis a Birnin Kebbi, kuma ƙarar haɗari na cikin abin da take karɓa.

Bello Zuru:
Inshora? Barista wace inshora? Mafi yawan takardun nan a gindin bishiya ake buga su kusa da ofishin lasin. Ni dubu 5 na biya tawa.

Lauyan Gwandu:
Tun farkon 2023 ta ƙaramar motar gida ta koma dubu 15, ta manyan motoci kuwa ta fi haka nesa. In bayan nan ka biya dubu 5, takarda kawai ka saya. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a ga ko inshorar ta gaske ce. In ta bogi ce, nauyin ya koma kan mai motar shi kaɗai, ga kuma wani laifin daban.

Abu Khalifa:
Duk wannan bayanin ni ma an yi mini shi mai daɗi kafin in sayar da fili. Lauya ba ya asara, ko ka ci ko ka faɗi.

Almajirin Malam:
Ku dakata da maganar boko. Wanga al'amari Alƙur'ani ya gama shi a Suratun Nisa'i aya ta 92: wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai kaffara a kansa, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in sun yafe. Wanda ya kira diyya kuɗin jini na ƙyama, to abin da Allah ya halatta yake ƙyama. Kuma diyya gado ce, rabon gado ake yi mata. Matar marigayi tumuni gare ta, mahaifiya sudusi, saura na ɗiyansa, namiji rabon mata biyu. Tunda akwai ɗa namiji, baffa ba shi da ko anini ciki, kai ma Ɗan Kalgo ba ka da shi. To mi baffa za shi yafe? Inna na iya yafe nata, mai takaba na iya yafe nata in ta ga dama ba tare da an matsa mata ba. Amma haƙƙin marayun da ba su balaga ba, ba wanda anka ba ikon kyauta da shi. Ku je kotun Shari'a, tun 2000 Kebbi take da su da hurumin irin wanga.

Sani Mai Kanti:
To Malam nawa ce diyyar a yau? Ni na ji an ce miliyan 50.

Almajirin Malam:
Raƙuma 100 ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinari, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Dinari guda giram 4.25 ne, ke nan zinari kilo huɗu da kwata. Tambayi farashin giram a kasuwa ka lissafa, ɗaruruwan miliyoyi za ka gani.

Hajiya Yauri:
Wane direban tifa ne zai biya wannan? A garinmu da aka yi irin haka, da lissafin azurfa malamai suka yi, ya sauko ƙwarai, kuma shi ma ɗin ba a biya rabi ba.

Lauyan Gwandu:
Nan gizo ke saƙar. A fiƙihu diyyar kuskure kan dangin wanda ya yi kisan take, na wajen uba, su biya cikin shekara uku. Dangin direba ke nan, waɗanda wataƙila sun fi marayun talauci, shi kuwa mai kuɗin da ya hana gyaran birki yana gefe. Kuma in direban ba Musulmi ba ne, sai da yardarsa kotun Shari'a za ta saurare shi.

Almajirin Malam:
Barista tsaya ga abin da ka karanta. Akwai babin lamuni ga wanda ya zama sanadi, malamai ba su bar shi ba. Ba kai za ka yi muna fatawa ba.

Uwar Marayu:
Ku duka biyun a littafi kuka gani. Wanda bai taɓa zaman bencin kotu da goyo a baya ba ya rage murya.

Bakatsine Ɗan Marna:
Kabawa ke nan, ko diyyar ma a buhunan kifin Argungu za su ce a lissafa musu. Malam, giwan ruwa nawa ne raƙumi ɗaya?

Maman Hanifa:
Haba bawan Allah. Wasan taubasantaka ba a zaman makoki ba.

Bakatsine Ɗan Marna:
Tuba nake ubangidana. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗan Kalgo:
Na gode duka. Na karanta wa Inna maganar rabon gadon, ta yi shiru, sannan ta ce nata ta yafe amma ba ta yafe na jikokinta ba. Baffa ya fita bai ce uffan ba. Yau kuma dattawan sun dawo, an ƙara zuwa miliyan 3, wai tayin na kwana biyu ne. Na je caji ofis neman rahoto, wani ya ce sai na ba da na mai kafin a kira VIO. Haka ake yi?

Bello Zuru:
Haka ake yi mana. Ni dubu 10 na bayar.

Hajiya Yauri:
Ku masu mota ma kuna da wanda za ku kama. Mu na bakin ruwa fa? Watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara a Ngaski, ya rabe tsakiyar kogi da mutum fiye da ɗari, galibi mata da yara. Kwana da kwanaki masunta na tsamo gawa. Akwai 'yar ƙanwar mijina a ciki. An zo jaje, an kawo tallafi, amma tallafi ba diyya ba ne. Wa za ka kai ƙara, mai jirgin da shi ma jirgin ne duk abin da ya mallaka?

Ɗan Anka:
Hajiya kin taɓo mini inda ke ciwo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda niƙa dutsen zinari da ake yi cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka zo suka tsaya a kan yaran. Dillalan da ke sayen zinarin sun yi kuɗi sun tafi, mu munka rufe ɗiyanmu.

Sani Mai Kanti:
Amma Hajiya ku ma da laifinku. Ana raba rigar ruwa, mutane ba sa sawa, a loda babura da buhuna da mutane jirgi ɗaya, a kuma tashi da dare.

Hajiya Yauri:
Ka taɓa zuwa mashigar ka ga riguna nawa ne a jirgi mai ɗaukar mutum hamsin? Kututturan itatuwa suna nan cikin ruwa tun da aka yi madatsar Kainji, su ke fasa jirage. Cire su aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ne ko na matar da ta ɗauko ƙwaryar gero za ta kasuwa? Kuma in akwai hanyar mota mai kyau, wa zai sa 'ya'yansa cikin kwalekwale da damina?

Sani Mai Kanti:
To ai kuɗin mota ne ya ninka, shi ya sa. Kafin cire tallafin mai a 2023 nawa ake zuwa Yauri daga Birnin Kebbi, yanzu kuma nawa ne?