Neman shawara: ga littattafan hoto a hannuna, amma yaran ajina sun ƙi buɗe baki

Malamar ajin CP, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina koyarwa a ajin CP, wato aji biyu na firamare, a wata makarantar gwamnati nan Garwa, ƙasar Kamaru. Yaran 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, ajin kuma cike yake maƙil, har huɗu a benci ɗaya. Wata 'yar'uwa ta yi mini tsarabar littattafan yara masu hotuna daga Yaunde, duk da Faransanci. Damuwata ita ce in na nuna hoto na yi tambaya, sai tsit. Da na faɗi amsa kuwa sai aji ya ɗauka baki ɗaya kamar masu hadda. So nake yaro ya dubi hoto ya fito da abin da ke kansa. Kowane littafi ƙwaya ɗaya ne, ba kuɗin fotokofi, ba fensir mai launi. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon malami, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Shirun nan ba rashin tunani ba ne. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci, bara kaɗai ya fara jin Faransanci a SIL, wato aji ɗaya na firamare, tsoro biyu ke kansa: kar ya ɓata amsa, kar kuma ya ɓata harshe a yi masa dariya. To ki sauke masa duka biyun.

Ki rufe rubutun da 'yar takarda, ki bar hoton kawai. Kada ki tambayi abin da ke da amsa ɗaya, irin “wane launi ne wannan?” Ki ce: “Yarinyar nan da tulu, ina za ta? Me ya faru kafin mu iske ta nan? Wa ke bayan ƙofar can?” Ki bari su amsa da harshen da ya zo bakinsu, ke kuma ki maida maganar yaron cikin gajeriyar jimlar Faransanci, ki rubuta a allo da sunansa a gefe. Ranar da yaro ya ga maganarsa ce aka rubuta, gobe shi zai fara ɗaga hannu. Kuma ko amsar ta yi nisa, kada ki ce “ba haka ba ne”. Ki ce: “Me ka gani a hoton da ya sa ka ce haka?” Nan ne tunanin yake, domin dole ya koma ya duba, ya kawo hujja. In sufeto ya shigo, kada gabanki ya faɗi: tsarin karatun firamare na 2018 ya ba harsuna da al'adun ƙasa wurinsu.

Maman 'yan biyu, Ngaundere:
Malama, ni ba malama ba ce, uwa ce, amma ga abin da nake yi wa nawa bayan isha'i. Ina farawa da “Ga ta nan, ga ta nanku”, su ce “Ta zo mu ji ta”, nan take jikinsu ya saki, don sun san tatsuniya ba jarrabawa ba ce. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai in rufe littafin, kowa ya kawo ƙarshensa. Sai gobe mu buɗe mu ga na marubucin, kuma ba na cewa nasa ya fi nasu.

Littattafan waje suna cike da dusar ƙanƙara da dabbobin da yaranmu ba su taɓa gani ba. Kada ki ajiye su saboda haka. Ki ce su ɗauko labarin su kawo shi Garwa. Wace dabba za ta shiga? Wani zai ce dorinar kogin Binuwai, wani ya ce raƙumin dawa na gandun dajin Waza. Sanyin kuwa ya koma hunturu, da hazonsa da fason ƙafa. Sai ki tambaya: in Gizo ne ya shiga wannan matsala, wace dabara zai yi? Ai kowane ɗan Bahaushe yana da ra'ayi a kan Gizo.

Malamin CE1 (aji uku na firamare), Kuseri:
Shawarwarin suna da kyau, amma a yi hattara. Aji mai cunkoso in aka sake masa baki gaba ɗaya, hayaniya za a samu, masu ƙarfin murya su cinye lokacin. Kuma ƙarshen shekara darakta karatun baƙaƙe zai tambaye ki. Minti 20 ya isa, sau biyu a mako, kowace rana layi ɗaya ke magana. Na baya ba sa ganin hoto, don haka ki zaga tsakanin bencuna da littafin a buɗe, ko ki fitar da su ƙarƙashin darbejiya su zauna da'ira.

Hajiya, unguwar Hausawa, Garwa:
Batun kayan aiki kada ya dame ki, ƙanwata. Allo da alli sun wadatar. Ga yumɓu, ga karan dawa da suke ƙera mota da tabarau da shi ba wanda ya koya musu. Ki ce su ƙera abin da zai fid da mutumin labarin daga halin da ya shiga, sannan kowane rukuni ya bayyana yadda abinsa ke aiki. Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai: akwai iyayen da ba sa son a sa 'ya'yansu zanen mai rai. Ki faɗa musu manufarki a taron iyayen yara, kuma ki ba yaro zaɓi ya zana wurin da labarin ya faru: gida, rijiya, kasuwa, hanyar da aka bi.

Wani ɗan'uwa, Injamena:
Matsalar ɗaya ce da tamu a Cadi, yaro na jin Larabcin gida, aji kuma da Faransanci. Ki nemi African Storybook da StoryWeaver a intanet, kyauta ne, akwai labarai da Hausa da Faransanci, ana saukewa a waya. Labarin da yaranki suka ƙirƙiro ma ki rubuta shi a kwali, su yi masa zane, ki ɗinke da zare. Ajin baɗi ya samu littafi.

Malamar ajin CP, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Marwa, saura tambaya ɗaya. Akwai 'yan mata a bencin baya da ko da Hausa ba sa magana, sai sunkuyar da kai. Yaya zan yi da su?

Tsohon malami, Marwa:
Kada ki tsayar da su gaban aji, 'yata, kunya ce za ta ƙaru. Ki ce kowa ya raɗa wa na kusa da shi amsarsa, sannan ki tambayi maƙwabciyar: “Me ƙawarki ta ce?” Haka maganarta za ta fito ba tare da idanu sun yi mata yawa ba. Ki kuma riƙa ba ɗaya daga cikinsu littafin ta riƙe, ita ce mai buɗe shafi. Ki maido su benci na biyu, ki ba su mako uku zuwa huɗu kafin ki fara kiran sunansu kai tsaye.