"Dole ƙanwar na ƙi" ce fassarar "reluctant"?

Ɗalibi daga Gusau: Assalamu alaikum malamai. An ba mu jimlar "he reluctantly agreed" mu mayar da ita Hausa. Na rubuta "ya yarda, dole ƙanwar na ƙi". Malaminmu ya soke da jan biro, ya sa "ya amince ba da son ransa ba". Ni dai ban ga inda na kauce ba.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka yi nisa ba, amma malaminku yana da hujja. Kalmar daga Latin ta fito, "reluctari", tushenta kuma "luctari", wato kokawa. Mai "reluctance" kokawa yake da zuciyarsa. Zai yi abin, sai dai yana jan ƙafa. Ba lallai a ce wani ya sa masa wuƙa a wuya ba. Ita kuwa "dole ƙanwar na ƙi" sai akwai abin da ya fi ƙarfinka daga waje, bashi ko umarnin uba ko yunwa.

Dattijo daga Kantin Kwari: Malama, a gafarce ni, ban yarda ba. Shekarata talatin ina sayar da atamfa. Mace za ta taya turmi, in ce albarka, ta juya har ta kai bakin shago, in kira ta in ce "kawo kuɗin, Hajiya". Wa ya tilasta ni? Babu. Kuɗin haya ne ke jirana. Ina naɗe mata a leda raina na suya. To wannan ai ita ce dolen, ita ce kuma kokawar da kike faɗa. Yaron nan ya ci makinsa. Mu ma a gidanmu "dole uwar na ƙi" muke cewa, ba ƙanwa ba.

Wata daga Maraɗi: Baba, ni da na ɗauka "ana so ana kaiwa kasuwa" ce ta dace. Kamar amarya ranar kai ta ɗakinta, ta ƙanƙame gyalen mahaifiyarta tana kuka sai an ɓamɓare ta.

Dattijo daga Kantin Kwari: A'a 'yata, wannan akasinta ce. Mai kaiwa kasuwa so yake, yanga ce kawai da jan aji. Kukan amarya kuma rabinsa kunya ne, rabi kewar gida.

Malamar Turanci: Nan kam Baba ya gama magana. Bature ba zai kira mai jan aji "reluctant" ba, sai ƙin ya fito daga zuci. Wani abin da ɗalibaina ke yawan cakuɗawa shi ne "reticent". Waccan ta mai kame baki ce, wanda ba ya son faɗin abin da ke cikinsa, ba ta mai noƙewa daga aiki ba. Amma Baba, ga inda na tsaya: yaron da aka ce ya tashi sallar asuba cikin hunturu, ya san daidai ne, yana ma so, bargo ne dai ya riƙe shi. Za ka ce masa dole ƙanwar na ƙi?

Dattijo daga Kantin Kwari: In da bulalar ubansa a kusa, zan ce.

Ɗalibi daga Gusau: To Malama, gobe in je wa malaminmu da maganar Baba ko in haƙura da makin?