"Greatest hits" da Hausa: bakandamiya, zaɓaɓɓu ko fitattu?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan sunan da za mu riƙa kiran abin da masu Ingilishi suke ce wa "greatest hits", wato faifan da ake tattaro waƙoƙin mawaƙi waɗanda suka fi karɓuwa a haɗa su wuri guda. Faransawa suna cewa "les plus grands succès", wani lokaci kuma su ari "best of" na Ingilishi, wato mafi kyau, yadda yake. Mu kuwa kowa da tasa. Wani ya ce bakandamiya, wani ya ce zaɓaɓɓu, wani ya bar kalmar Turancin a tsakiyar Hausarsa ya wuce.

Wanda ya jawo maganar shi ne Jacques Brel. Ina son in gabatar da shi ga matasanmu da ba su taɓa jin sa ba, kuma ƙofar shiga wurinsa ita ce irin wannan faifai. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci ba baƙonsu ba ne. Ga sauran kuwa, a taƙaice: mawaƙin Faransanci ne ɗan Beljiyam, an haife shi a 1929 a birnin Burusel, gidansu masu masana'antar kwali ne. Ya bar aikin kwalin ya tafi Faris, babban birnin Faransa, a 1953 da jitarsa. Shi yake rubuta baitocinsa, shi yake rera su, kiɗan kuma sau da yawa tare suke ƙera shi da abokan aikinsa biyu, Gérard Jouannest mai fiyano da François Rauber mai tsara kayan kiɗa. Yana tsakiyar ganiyarsa ya yi sallama da yawon rera waƙoƙinsa a dandamali, wasansa na ƙarshe na irin wannan a garin Roubaix ne a 1967. Ya rasu a 1978 yana da shekara 49, bayan fama da ciwon dajin huhu, aka binne shi a tsibirin Hiva Oa can tsakiyar tekun Fasifik.

To, wace kalma?

Mafi yawan waɗanda na tuntuɓa bakandamiya suka fara faɗa, kuma na gane dalili. Kalma ce mai nauyi da daɗin baki, kuma tamu ce tun asali. Amma ban yarda mu kai ta nan ba. Bakandamiya guda ɗaya ce. Idan aka ce Bakandamiyar Narambaɗa ko Bakandamiyar Shata, babu mai tambayar wacce daga ciki. Sannan a wurin makaɗanmu waƙa ce da mai ita yake wasa kansa, yana nuna isarsa a fagen waƙa, yana gaya wa abokan hamayya inda suka tsaya. Waƙoƙin Brel da duniya ta fi riƙewa ba su da wannan hali ko kaɗan. Ku ɗauki "Ne me quitte pas" ta 1959. Namiji ne yake roƙon mace kada ta bar shi, yana yi mata alkawuran da shi kansa ya san ba su yiwuwa, yana ta ƙasƙantar da kai baiti bayan baiti har ya yarda ya zama inuwar karenta. Akwai hoton bidiyonsa yana rera ta, kyamara ta matso fuskarsa sosai, gumi na tsatstsafowa, leɓɓansa na rawa, ba ya ko ƙoƙarin ya yi kyan gani. Mutumin da ya durƙusa haka ba kirari yake yi ba. In muka yi wa kalmar jam'i muka ce "bakandamiyoyin Brel" don a cika faifai mai waƙa ashirin, mun rage mata daraja, kuma mun yi wa mai sauraro ƙarya game da abin da zai ji.

Diwani ma an kawo. Wannan ba sai mun daɗe ba: diwani tarin aikin mawaƙi ne baki ɗaya, mai daɗi da marar daɗi. Shi ne daidai da abin da Faransawa ke kira "intégrale", kuma Brel yana da irinsa. Mu ajiye masa wannan aikin.

Wani dattijo Bamarade, tsohon malamin makaranta wanda ya san Brel tun zamanin kaset, ya ba ni shawarar "waƙoƙin da suka yi tashe". Na ce, "Baba, ai tashe wucewa yake yi." Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Haka ne ɗana, abin da ya yi tashe bara bana ba a tuna shi." Shi da kansa ya janye. Kuma gaskiya ce, waƙar da aka yi a 1959, mawaƙiyar Amurka Nina Simone ta sake rera ta da Faransanci a 1965, yau kuma yaran da kakanninsu ba su yi aure ba a lokacin suna neman ta a YouTube, ta wuce a ce mata tashe.

Inda aka fi jan zare shi ne tsakanin zaɓaɓɓu da fitattu, kuma a nan nake so mu natsu.

Malamina na Hausa, wanda nake jin nauyinsa ƙwarai, yana bayan zaɓaɓɓu. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kalmar ta riga ta zauna a littattafanmu, ana cewa zaɓaɓɓun waƙoƙi, kowa ya gane, babu buƙatar ƙirƙiro sabon abu. Na ce, "Allah gafarta Malam, to wa ya zaɓa?" Domin zaɓe dole da mai yin sa. Faifan "Quinze ans d'amour", wanda ta kansa mutane da yawa suka san Brel, a 1988 ya fito, shekara 10 bayan rasuwarsa. Ba shi ya zauna ya ce wannan ta shiga, waccan ta fita ba. Kamfani ne ya jera, kamfanin kuwa abin da jama'a suka riga suka riƙe ya bi.

Babbar shaidata ita ce "Amsterdam". Brel bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ya naɗe ta ba. Abin da muke da shi ɗaukar da aka yi ce yana kan dandamali, mafi shahara ita ce ta zauren Olympia a Faris a 1964. Waƙa ce a kan ma'aikatan jiragen ruwa a tashar Amsterdam, cinsu da shansu da rawarsu da ƙazantar rayuwarsu, bai ɓoye komai ba. Tana farawa a hankali, akodiyon na bin sa ƙasa-ƙasa. Kowane baiti sai ya ɗara na baya ƙarfi, muryar na hawa, numfashin na gajarta, hannuwansa dogaye na yawo a iska, har ya kai inda za ka ce maƙogwaronsa zai tsage, sai ya yanke ta tsaf. Abin da ke biyo baya a faifan tafi ne kamar ruwan sama a kan kwano. A ranar ce waƙar ta zama abin da ta zama. Mai ita bai ba ta gatan da ya ba sauran ba, amma yau da wuya ka sami faifan tattare na Brel da babu ita. Wannan ba wanda ya zaɓe ta. Fita ta yi.

Shi ya sa nake tare da fitattu. A Hausa fitacce shi ne wanda ya fita daga cikin tsara har kowa ya san shi, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Fitaccen malami, fitaccen ɗan kokawa. Kalmar ba ta yi alkawarin cewa waɗannan ne mafi kyau, abin da ta ce kawai su ne aka sani. Wannan gaskiyar nake so ta kasance a cikin sunan, saboda ni kaina da za a ba ni wuƙa da nama, jerin da zan yi zai bambanta da na kamfani. Zan sa "Le plat pays" a gaba, inda yake siffanta ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da dutse sai hasumiyoyin coci, da sararin sama mai duhu da ya yi ƙasa-ƙasa, da iskar da ke canza hali gwargwadon kusurwar da ta taso. Zan bi ta da "Les vieux", ta tsofaffin da duniyarsu ke ƙanƙancewa daga taga zuwa kujera, daga kujera zuwa gado, agogon falo na ƙirga musu abin da ya rage. Duk wanda ya yi jinyar tsoho a gida zai gane ta ko da fassara aka yi masa. Wannan jerin nawa shi ne zaɓaɓɓu, don akwai mai zaɓen kuma ana iya yi masa gardama.

Da na kawo wa Malam haka bai sallama gaba ɗaya ba, sai ya kawo abin da ya ƙara gyara maganar. Ya ce to faifan "Infiniment" na 2003 fa, wanda aka fitar don cikar shekara 25 da rasuwarsa? A cikinsa akwai waƙoƙi 5 da aka naɗa a 1977, lokacin aikin kundinsa na ƙarshe, waɗanda ba a taɓa fitarwa ba. Waƙar da ba wanda ya taɓa ji ba za a ce mata fitacciya ba. Na ce wannan gaskiya ne, Malam, irin wannan faifan zaɓaɓɓu ne. Ashe kalmomin biyu ba kishiyoyi ba ne, kowace da gurbinta, kamar yadda "greatest hits" da "best of" su ma ba abu ɗaya suke nufi ba ko da yake 'yan kasuwa suna cakuɗa su.

Ga inda na tsaya, sai in ji ta bakinku, musamman ma'aikatan rediyo da su ne kalma ke zama ko ta mutu a bakinsu. "Greatest hits" mu ce fitattun waƙoƙi, faifan kansa kuma kundin fitattu, a gajarce a ce Fitattun Brel. "Best of" mu ce zaɓaɓɓun waƙoƙi. Tarin aiki duka diwani. Bakandamiya a bar ta tilo yadda muka gada.

Wanda kuma zai nemi Fitattun Brel ya saurara, ya duba shekarar da ke gaban "Ne me quitte pas". Sau biyu ya naɗe ta da Faransanci a ɗakin ɗaukar sauti, ta 1959 da wadda ya sake a 1972 bayan ya koma kamfanin Barclay, kuma kundayen fitattu ba su haɗu a kan guda ba. Ni ta 1959 nake ba wanda zai fara.