Na kawo darar Turawa majalisa, hira ta mutu

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu bakwai ne muke zama bayan isha'i a ƙofar shagon abokinmu tela. Wata biyu ke nan da na sayo allon darar Turawa, wato chess, don ina so mu riƙa wasa muna hirar tarihi da kimiyya, mu huta da musun ƙwallo. Yanzu mutum biyu ne ke duƙufa a kan allo shiru kamar zaman makoki, sauran kowa ya zaro waya. Jiya har shayi ya huce ba wanda ya ce uffan. Wallahi abin ya dame ni. Yaya zan yi?

Wani malamin lissafi daga Zariya:
Ɗan'uwa, fara da sunan da ka kira shi, domin ba na Turawa ba ne. A Indiya ya samo asali wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa aka yi gwanaye irin su As-Suli, sannan ya bi ta Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, ya isa Turai. Wannan sarauniyar da ke share allo, wadda ta fi duk 'ya'yan wasan ƙarfi, a da waziri ce mai taku ɗaya a karkace, sai a ƙarshen ƙarni na 15 aka ƙara mata ƙarfi. Ka kuma tafi da ɗan gero a aljihu. Sa ƙwaya ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa haka, ka ce su canki abin da zai taru a gidaje 64. Gida na 21 kaɗai ya haura miliyan ɗaya, jimillar kuwa ta wuce biliyan 18 sau biliyan. Na gwada wa ɗalibaina, sai da na raba gardama.

Wani dattijo daga Damagaram:
Yaro, yaushe aka taɓa yin dara shiru? Darar gida mai ramuka 30 ma 'yan kallo ne gishirinta. Ku rabu gida biyu, kowane ɓangare ya yi shawara a fili kafin a taɓa ɗa. Kuɗi kada su shiga, kada ta ci muku lokacin sallah. Malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji, ka tambayi malaminku ranka ya natsu.

Wata ɗalibar kwamfuta:
Yaya, ku sa wa kowane ɓangare minti 10 da agogon waya. In an tashi wasa, ka ba su labarin 1997, lokacin da kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, ka tambaye su: tunani ta yi ko lissafi?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, daren Juma'a za mu gwada rabuwa gida biyu. Malam, geron zan ɗebo a gida.