Yara sun iya ɗebewa da aro, amma sifili na kayar da su

Malamar aji uku, Gusau: Assalamu alaikum malamai, don Allah shawara nike nema. Tun farkon zango muke kan ɗebewa da aro, mun rera, mun maimaita, allin ma da kuɗina nike saye, ga aji cike maƙil. 52 − 17 kowa ya iya. Jiya na ba su 402 − 178, yawancinsu sunka rubuta 234. Jarrabawa saura mako biyu, hankalina ya tashi.

Malamin lissafi, Talata Mafara: Malama, 234 ɗin ta faɗi inda ciwon yake. Sun mai da sifili 10, sun manta shi ma an ara daga gare shi. Samo tsinken tsintsiya da roba. Tsinke goma ƙulli ɗaya, ƙulli goma dami ɗaya. Aje dami 4 da tsinke 2, ki ce su cire 8. Dole su kwance dami ɗaya ya koma ƙulli 10, su kwance ƙulli ɗaya. Saura dami 3, ƙulli 9, tsinke 12. Nan za su ga inda 9 ta fito. In sun cire tsinke 8, ƙulli 7 da dami 1, amsa 224.

Tsohon hedimasta: 'Yata, bar wahalar da kanki. Ba su doka: sifilin da anka ratsa 9 yake zama. Lissafi goma kullum a allo. Yaron da ke hadda a makarantar allo wannan ba ta gagararsa.

Malamin lissafi: Ranka ya daɗe, in sun haɗu da 4002 fa? Ko 410, inda sifilin ke ƙarshe? Tara za su maka masa.

Tsohon hedimasta: Sai a ƙara musu doka. Fahimta bayan hadda take zuwa.

Wata malama, Ƙauran Namoda: Ai matsalar daga aji ɗaya take. Ana tura yaro gaba bai san gidan goma ba, ranar kasuwa kuma rabin aji babu. Ki gwada hanyar ba da canji: daga 178 zuwa 180 biyu, zuwa 200 ashirin, zuwa 402 ɗari biyu da biyu. A haɗa, 224.

Malamar aji uku: Na gode. Amma ni ma na yi musu bayani, ba hadda kaɗai ba ce. Tsinke ɗari huɗu wa zai ƙulla shi? Kuma kafin a tashi rabi ya ɓace.

Tsohon hedimasta: Abin da na ce ke nan.

Malamin lissafi: Su za su ƙulla, Malama, ƙullin shi ne darasin. Yara nawa gare ki?